Daular Bene da Daular Ƙasa a Mu'aither

Tun da na dawo daga Katar ban huta da tambaya ba. A majalisa, a wurin ɗaurin aure, har a layin shan mai, da an gan ni sai a ce, "Sabi'u, yaya Doha? Da gaske ne har titi ake sa wa esi ya sanyaya shi? Ka ga ƙwallon duniya ido da ido?" In na fara bayani wani ya katse ni da tasa tambayar, kafin in dawo kan hanya an kira salla. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa. Amma wanda ya zo jin labarin dogayen gine-gine ya nemi wani. Ni abin da ya ci min rai a ƙasar nan kicin ne, wani ɗan ɗaki mai murhun gas guda ɗaya mai wuta huɗu, wanda saura ƙiris in jawo a garƙame shi da kwaɗo, ni kuma a sako ni a jirgi.

Ni tela ne a Malumfashi. Korona ce ta kashe mana kasuwa, aka daina biki, aka daina ɗinki, har keken ɗinkina ya fara tsatsa. Da na ji ana ɗibar masu gadi zuwa Katar saboda gasar cin kofin duniya da ke tafe, sai na ce ai tsayuwa a bakin ƙofa ba ta fi ƙarfina ba. Innata ba ta yarda da abincin kowace ƙasa ba. Ta cika min jakar Gana-mas-go da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da daddawa ƙulli-ƙulli, ta ce ko ba komai kada in mutu da yunwa a hannun Larabawa.

A Kano aka fara wahalar. Sai an yi maka gwajin korona kafin ka hau jirgi, wata ma'aikaciya ta zura min tsinke a hanci har na ji ta taɓo karatun da na haddace a allo. Muka yada zango a Addis Ababa, inda na yi sallar la'asar ina kallon gabas yadda na saba, sai da na sallame, wani dattijo Bahabashe ya kama kafaɗata ya juya ni wajen arewa. Tun daga nan na gane cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido.

A filin jirgin Doha wani matashin jami'in kwastan, fes da shi cikin farar jallabiya da takunkumi, ya ce in buɗe jaka. Ya wuce kuka, ya wuce kuɓewa, ya kwance ledar daddawa. Sai na ga ya ja da baya, idonsa ya kawo ruwa.

"Mene ne wannan?"

Na ce, "Magi ne, ranka ya daɗe. Na kakanninmu."

Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna ya yi salati. Suka yi shawara da Larabci, sannan na farkon ya ce min da Turanci ya gode, yanzu ya tabbata ba shi da korona, tun da hancinsa na aiki. Ya ɗaure ledar da kansa, ya ce, "Yalla, yalla," yana kore ni da hannu.

Daga nan aka kai mu wani gini a wajen Umm Salal aka killace mu. A nan na haɗu da dal. Dal wani fate ne na ƙananan wake, ruwan ɗorawa, ba ya da laifi ranar farko. Amma safe dal, rana dal, dare dal, a ajiye a bakin ƙofa a ƙwanƙwasa a gudu kamar ana ciyar da kura. Kafin a sake mu, wandon da na ɗinka wa kaina daidai jikina sai da na ƙara masa tazuge. Na rantse a raina, in dai akwai murhu a inda za a kai ni, ni da dal har abada.

Gidan da kamfani ya sauke mu yana Mu'aither, unguwa ce ta gidaje masu doguwar katanga, ba ka jin motsin kowa sai kyanwoyi. Ina shiga tsakar gida na ji Hausa na tashi ta ko'ina, raina ya yi fari. Na ga mutane zaune a ƙofar falon ƙasa, na yi sallama, na ce, "'Yan'uwa, wa zai kama min Gana-mas-go ɗin nan?"

Wani dattijo kakkaura mai furfura a gemu ya ajiye kofin shayinsa, ya yi min kallon hadarin kaji.

"Chale, me ka kira jakan nan?"

Kafin in maimaita, wani ƙato ya sauko daga bene da gudu, ya fizge jakar da hannu ɗaya, ya fizge ni da ɗayan. Shi ne Sajan Bala, mutumin Gusau, tsohon ɗan sintiri, shi ke jagorantar 'yan Nijeriya a gidan. Sai da muka hau sama ya ce, "Kai, wane irin baki gare ka? Waɗancan 'yan Gana ne, Hausawan unguwannin Zango na can ƙasar. Wanda ka yi wa maganar nan Baba Issaka ne, ciyaman ɗinsu, mutumin Kumasi, kuma ba kanwar lasa ba ne."

Ya zayyana min taswirar gidan. Bene namu, ƙasa tasu. Kicin yana can ƙarshen tsakar gida, kuma kafin ka kai gare shi sai ka tsallake wata kwata da ruwan injin wanki ke bi. Da yake wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, su da suka fara zuwa gidan sun kama lokaci mai kyau, daga magariba zuwa isha'i, daidai lokacin da kowa ya taso daga aiki da yunwa. Mu sai sun gama, sun kwashe shinkafa da wakensu, sun turnuƙe ɗakin da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito, sannan mu shiga da ɗan guntun gas mu tuƙa tuwo a gurguje. Babbar tukunya tasu ce. Kullum kuma akwai mutum ɗaya zaune kan bokitin fenti a ƙofar kicin, yana gadin masu gadi.

Abin takaicin, salla tare muke yi, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Da an sallame kowa ya kama ɓangarensa. Su suna ce mana Anago, wato Yarabawa, ni da ko gaisuwa ban iya da Yarabanci ba. Mu muna ce musu 'yan Gwanja, masu kiran mace da "ya zo". Su kuma su ce kakanninsu ne suka tafi da Hausa ta gaskiya a bayan jakai lokacin fataucin goro, abin da ya rage a wurinmu kwaɗon Hausa ne da Turanci. Haka muka yi ta zaman doya da manja.

Aikina na farko a ƙofar wani babban kanti ne, ina riƙe da bindigar auna zafi, ina duba wayar mutane in ga ko ta nuna kore, alamar mutum ba shi da cutar. A nan na ga al'adu. Balarabe zai faka mota a ƙofar mai shayi ya danna hon, a rugo masa da kofin karak, shayi ne mai kauri da madara, bai ko sauke ƙafa ba. A Malumfashi ka yi wa mai shayi hon ka ga abin da zai faɗa maka game da mahaifinka. Gaisuwa kuma ba a ja. Na tambayi wani Bafilifine abokin aikina gida da iyali da gajiya da sanyi, sai ya tambaye ni ko wani abu ya faru a gidansu ne aka bugo min.

Mutum ɗaya ne a gidanmu ba ya ɓangaren kowa. Sunansa Wang, muna ce masa Baba Wang, ɗan ƙasar Sin, mai gyaran esi. Aikinsa ya ƙare, amma ƙasarsu ta rufe ƙofa saboda korona, samun jirgi ya gagara, sai kamfani ya ba shi ɗan ɗakin ajiya a ƙarƙashin matakala ya ci gaba da gyare-gyare kafin hanya ta buɗe. Ba ya shiga kicin, a butar lantarki yake dafa taliyarsa. Da yamma sai ya zauna a tsakiyar matakala da kwalbar ruwan zafi, yana kallon masu hawa da masu sauka. Na ɗinke masa aljihun riga wata rana, daga nan muka saba. Turancinsa gurgu ne, nawa makaho, inda suka kasa sai waya ta fassara mana.

Wata rana ya ce, "Sabi, na sama da na ƙasa, yare ɗaya?"

Na ce ɗaya.

"Allah ɗaya?"

"Ɗaya."

"Tukunya biyu?"

Na ce ai ba zai gane ba, tsohuwar magana ce. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi kuwa ya gane, don ƙasarsu ta yi wannan haukan kusan shekara ɗari uku. Ya jawo kwali, ya zuba ruwa ya ja layi a tsakiya da yatsa, ya ce wannan shi ne babban koginsu, Yangzi. Ya jera marafan kwalba sama da ƙasa.

Ga yadda ya ba ni, yadda shi ma ya ji a bakin kakansa. Da can ƙasar ɗaya ce, sai daular ta rushe, mahaya dawaki daga jeji suka mamaye arewa. Sarki da manyan gidaje suka kwashi littattafai da kayan sarauta suka tsallake kogi zuwa kudu, suka kafa fada, suka ce su ne Sin ta gaskiya. Na arewa suka ce ina, ƙasar kakanni da kaburburansu suna hannunmu. Na kudu suna kiran na arewa masu kitson igiya, na arewa suna kiran na kudu ƙauyawan tsibiri. Kowane ɓangare ba zaman lafiya a cikinsa, yau wannan gida ke mulki, gobe sarkin yaƙinsa ya ture shi ya kafa nasa, amma duk wanda ya hau abu na farko da zai gada shi ne ƙin na ƙetaren kogi.

"Har abinci," in ji shi. "Arewa naman rago da kindirmo. Kudu kifi da shinkafa da shayi. A fadar arewa, shayi sunansa bawan kindirmo."

Na buga cinya na ce wallahi mutanen arewa ko'ina suke masu hankali ne. Na tambaye shi shi ɗan ina ne. Ya ce ɗan arewa ne, matarsa 'yar kudu, kuma shekara biyu ke nan bai ci girkinta ba. Ya goge kogin da hannun riga, ranar labarin bai ci gaba ba.

Ana nan sai ƙaddara ta haɗa Nijeriya da Gana a wasan neman gurbin zuwa gasar, kuma kowa ya san yadda ta kaya, su suka samu mu muka rasa. Ranar ba mu ji da daɗi ba. Suka fito tsakar gida da bokitai suna kiɗa, suna kiran Anago ya leƙo. Sajan Bala ya sauka ɗibar ruwan tuwo, wani ya ce masa ya bar wahala, ai ko a tuƙa tuwo sai an tsallake zagayen share fage. Muciya ta tashi, murfin tukunya ya tare, gilashin tagar kicin ya tarwatse.

Washegari Kambos ya zo, wato mai kula da gidajen ma'aikata, wani Basudane dogo mai suna Usman. Ya tara mu, ya fito da wani kwaɗo kamar kan jariri, ya ɗaga shi sama.

"Ya zol, ku mutanen nan, ku ji da kyau. In na ƙara jin faɗa a kan kicin ɗin nan, ko na baki ne, khalas, magana ta ƙare. Na kulle, kowa ya koma cin abincin kamfani. Wanda kuma ya tayar da fitinar, kafil, wato mai kamfanin da ya kawo shi, zai soke bizarsa, ya tafi gida."

Abincin kamfani dal ne. Amma yunwar magariba ma ba ta daina ba, kullum muna kwance a bene ƙamshin shito na hawo mana matakala. Sai na koma wurin Baba Wang na ce ya ƙarasa min, a ƙarshe wa ya ci?

Ya ce arewa. Wani gida mai suna Sui ya haɗe arewa, ya juyo kan gidan Chen da ke mulkin kudu. Amma ba da ƙarfi suka fara ba. Duk lokacin da girbin kudu ya nuna, sai na arewa su tara sojoji a bakin kogi da tutoci da ganguna kamar yau za a ƙetare. Na kudu su watsar da lauje su ɗauki mashi, su yi ta jira, sai na arewa su naɗe tutocinsu su koma gida. Aka yi ta yi, har na kudu suka gaji, in sun ji ganga ko ɗaga kai ba sa yi. Fadawan sarkin kudu suna ce masa ya sha kuruminsa, kogin nan sai mai fiffike. Sai ranar bikin sabuwar shekara, masu gadin kogi sun sha sun bugu, aka ƙetare. Aka nemi sarki a fada aka rasa, ashe ya faɗa wata tsohuwar rijiya ya ɓuya. Aka yi kira shiru, sai da aka ce za a jefa duwatsu ya amsa. Aka zura igiya, sojoji suna ja suna mamakin nauyin sarki, da ya fito ashe da matansa biyu ya shiga.

Ya ci gaba da cewa ba a kashe sarkin ba, gida aka ba shi da abinci, kuma daga baya har doguwar hanyar ruwa aka haƙa don a riƙa kawo wa arewa shinkafar kudu. Wannan ɓangaren bai dame ni ba. Tuni na miƙe, ina hawa bene da bibbiyu.

Sajan Bala ya saurare ni ya ce, "Amma fa Kambos ya ce ban da faɗa."

Na ce, "Wa ya ce faɗa? Wanke tukunya za mu je."

Washegari ana sallame magariba muka sauko mu duka, kowa da tukunya ko muciya ko faranti, muna tafe muna ƙwanƙwasawa. 'Yan Gana suka fito a guje, wani da waya a kunne matarsa na magana, wani da kumfar sabulu a ka, suka yi sahu a ƙofar kicin. Muka zo bakin kwata muka tsaya. Muka kunna famfo, muka wanke tukwanen da dama a wanke suke, muka ce musu sannunku da hutawa, muka koma sama. Baba Issaka ya bi mu da ido.

Haka muka yi ta yi. Tun suna fitowa su duka, suka koma rabi, suka koma mai bokitin fenti kaɗai, har ya zamana in mun sauko shi ma ba ya ɗago kai daga wayarsa, sai dai ya ce, "Anago, ku wanke da namu mana." Baba Wang yana zaune a matakala muna ratsa shi. Wata rana ya kama ƙafar wandona ya ce, "Sabi, labari na ba ka, ba oda ba." Na ce masa ai tafiya mabuɗin ilimi.

Gasar ta zo, gari ya cika ya batse. Ranar hutuna na je Corniche, bakin tekun da ake yawo, na ga mutanen Meksiko da huluna kamar faifan tallan gurasa, na ga Turawa sun ɗaura ƙyallen Larabawa a ka a karkace suna ɗaukar hoto da jiragen ruwan katako. Masu tambayata ko na ga ƙwallo, amsa ita ce a'a. Ni a wurin ajiye motoci aka tsayar da ni, ihu kawai nake ji. Waɗanda aka sa a cikin fili ma, doka ce mai gadi ya juya wa wasa baya ya fuskanci 'yan kallo, in ya waiwaya a bakin aikinsa.

Ranar wasan Gana na ƙarshe a rukuni ita ce sabuwar shekararmu. In sun ci su wuce, in an ci su su fita. Tun la'asar ƙasa ta zama kango, wasu suna aiki a filin wasan, Baba Issaka na cikinsu, sauran sun tafi kallo a majigi da tutoci. Bokitin fenti yana nan ba kowa a kai. Ana magariba muka sauko, wannan karon ba kiɗa, ni ne a gaba da garin masara a ka. Na ce bismillah na tsallake kwata.

Wayyo daɗi. Wuta huɗu duk tamu, babbar tukunya tamu. Sajan ya ɗora ruwan tuwo, na kwance kukar Inna da daddawar da ta tsorata kwastan, aka zuba naman rago. Muna neman ƙarin ruwa na buɗe wata babbar durom ta roba a bayan ƙofa, sai na ga idanu biyu. Wani ɗan tsurut ne cikin 'yan Gana mai suna Mutawakilu, ya ƙi zuwa kallo wai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, da ya ji saukowarmu ya faɗa durom ɗin da ba ruwa. Sajan ya kamo shi ta kwala ya ɗago, ya fito rungume da kwalaben shito biyu, ɗaya a kowace hammata. Baba Wang da ya biyo mu kallo ya zauna a ƙasa yana dariya yana dukan siminti.

Dariyar ce ta shagaltar da mu. Mutawakilu ya sulale ya fita, ya buga wa Kambos waya.

Mun kwashe tuwo ke nan, mulmule-mulmule cike da faranti, miya tana tashin ƙamshi, muka ji tsayuwar mota. Tuni an yi isha'i. Kambos ya shigo da kwaɗo a hannu, a bayansa kuma 'yan Gana, tutoci a naɗe a hammata, fenti ya zubo a fuska. An ci su, sun fita, har bugun fenareti sun ɓarar. Suka tsaya a ƙetaren kwata suna kallonmu a cikin kicinsu, da tukunyarsu. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki bokitin fenti, ba don ya zauna ba.

Kambos ya ce, "Ya Issaka, an ce an ƙwace muku kicin. Gaskiya ne? Wa ya kawo wannan shawara?"

Duk 'yan bene suka kalle ni, har Sajan Bala, Allah ya isa. Ina tsaye da mara a hannu. Na ga dal, na ga keken ɗinkina mai tsatsa, na ga fuskar Inna in na dawo hannu rabbana. Kalma ɗaya Baba Issaka zai furta shi ke nan. Ya matso a hankali, har yanzu da rigar aiki a jikinsa, idanunsa jajir. Ya dubi tuwon, ya dubi tukunyar, ya daɗe yana dubana.

Ya ce, "Mafi mushkila, Kambos, ba matsala. Yaron da ya buga maka waya tsorata ya yi kawai. A al'adanmu gidan da aka yi rashi ba ya hura wuta, maƙwabta ke dafa masa. 'Yan'uwanmu sun ji abin da ya same mu, suka sauko yi mana abincin makoki."

Jikin Kambos ya yi sanyi. Ya ce wallahi su ma a Sudan haka suke yi, ya ce bai san muna da zumunci haka ba. Ya jefa kwaɗon a aljihun jallabiya, ya kama hannuna da hannu biyu yana sa min albarka.

Baba Issaka ya ƙara da cewa, "Kuma kwana uku ake yi."

Reshe ya juye da mujiya. Muka shimfiɗa musu tabarma, muka yi ta jigilar tuwo muna cewa Allah ya ba da haƙuri, suna amsawa da amin suna neman ƙari. Kambos ya ci mulmule biyu. Mutawakilu ya buɗe kwalabensa, aka ɗiga shito a kan miyar kuka, abin haushi kuma ya yi daɗi. Baba Wang yana fama da tuwo da tsinkayensa biyu na cin abinci, yana kamawa yana zamewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu da muka ci yaƙi muka koma gindin tukunya muna kankarar ƙanzo.

Baba Issaka ya ja kwanonsa gefe shi kaɗai, ya zauna bakin kwata bai ci ba. Ya yafito ni. Na je na tsuguna, ina jiran wankin babban bargo.

Ya ce, "Ƙasana ya zo har inda nake, ban ga ƙafan ɗan wasa ko ɗaya ba. A fuskan wani yaro na ga mun ɓarar da fenareti. Yana kan wuyan babansa, ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya rufe."

Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya gutsuri tuwon, ya dangwali miya, ya kai baki.

"Wa ya yi daddawan nan?"

Na ce innata.

"Kakana haka yake yi. Mace ne, daga ƙasan Katsina aka tafi da shi yana goye. Har ya mutu yana cewa zai je ya ga gida." Ya share ido da bayan hannu, ya ce yajin ne. Raina ya sosu ƙwarai, kunya kuma ta rufe ni.

Na fara cewa, "Baba, gaskiyar magana, mu ba..."

Ya ɗaga hannu. "Na san abin da ya kawo ku, mai wanke tukunya. Tun ranar farko na sani." Ya turo kwanon tsakaninmu da ƙafa. "Je ka wanko hannu, tuwo na hucewa."

Na je famfon nan na wanko hannu, na dawo na zauna muka ci. Ba a kulle kicin ɗin ba har na baro ƙasar, kuma daga ranar tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan.